Shuɗiyar Rigar Sirkka

Joensuu, farkon Nuwamba

Zuwa ga Aune,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya. Na san a wannan lokaci ne shagonki ya fi cika, saboda haka zan taƙaita.

A cikin ƙunshin nan akwai shuɗiyar rigar yayarki Sirkka, ta ulu, wadda kin fi ni saninta. Gidan kula da tsofaffi inda Sirkka take zai yi bikin ƙaramar Kirsimeti, wato liyafar da ake yi kafin babbar, a tsakiyar Disamba. Hukumar gidan ta sayo wa matan jajayen riguna masu ƙyalƙyali, duk iri ɗaya. Na ga samfurin. Zaren roba ne tsantsa, ƙyalƙyalin kuma yana zuba tun kafin a taɓa shi. Na ƙarar da shekarun aikina ina tace irin wannan daga ruwan tafkuna, na kuma san inda yake ƙarewa. Na shaida wa shugabar gidan haka cikin ladabi. Ta ce ba ta hana kowa kawo tasa rigar ba, amma da sharaɗi: dole ta buɗe ta baya daga wuya har ƙasa, domin Sirkka ba ta iya ɗaga hannuwanta yanzu, masu jinya kuwa ba su da lokacin kokawa da riga.

Roƙona ke nan. A tsaga bayan, a sa maɓallan da ake dannawa, yadda ba za a lura daga gaba ba. Ina sane da cewa idan an tsaga, ba za ta koma yadda take ba. Na yi tunani a kan haka kafin in ɗaure ƙunshin.

Sirkka tana nan. Tana cin abinci.

Ki huta lafiya.
Veikko

Tampere, Nuwamba

Farfesa,

Gaisuwa da yawa. Ina sanyi, ina zaman gida? Na karanta laccarka a tsaye, allura a baki. Kai dai bakinka ba zai taɓa furta "ina so matata ta yi kyau" ba, sai ka zagaya ta wajen kifaye.

Shago kam ya cika. 'Yan mata sai shigowa suke da rigunan kakanninsu, a rage nan, a ƙara can, wai ba za su sayi sabuwa don dare ɗaya ba, duniya suke ceto. Wasu haya suke ɗauka, su dawo mini da ita ran Litinin tana warin giya. Jiya na ce wa wata, yayata ta fi shekara talatin tana zuwa kowane biki da riga ɗaya, kuma a lokacin ba mai kishin muhalli ake ce mata ba, marowaciya ake ce mata a bayan ido. Kowane Nuwamba sai ta aiko mini ita: bana a canja wuya, baɗi a sa ɗamara, wata shekarar a rage hannu. Matan abokan aikinka su yi ta tambayar inda ta saya. Kai kanka sau nawa ka dube ta ka ce, "Sabuwa ce?"

Na shimfiɗa rigar a tebur, almakashi na gefe, ban taɓa ba tukuna. Rabona da ganin Yaya tun bazarar bara. Kada ka fara, na sani. In ta rame, tsagawa kaɗai ba za ta yi ba, rigar za ta zauna mata kamar buhu. Ka ɗauki tef ka auna mini ƙirji, ƙugu, kafaɗa da tsawon hannu. A jikinta fa, Veikko, ba a jikin rigar sanyinta ba. Wanda ya auna zurfin tafki, awon matarsa ba zai gagare shi ba.

"Tana cin abinci" ba labari ba ne. Tana tambayata?

Ka gaishe ta, ka sumbaci goshinta a madadina.
Aune

Joensuu, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga Aune,

Na gode da amsarki, ina kuma fatan aiki yana sauƙi. Awon yana jikin 'yar takardar da na haɗa. Daidai yake, amma ba ni na auna ba, kuma ya kamata in faɗa miki dalili.

Na je da tef ɗin kamar yadda kika ce. Na same ta zaune bakin taga. Na gaishe ta, na yi mata bayani, ta saurara da kyau. Da na kai hannu zan zagaya tef ɗin a ƙugunta, sai ta riƙe wuyan hannuna. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Bawan Allah, ni matar aure ce. Ka yi aikin da ya kawo ka."

Wata mai jinya da ake kira Outi ita ta auna ta, ni kuwa na jira a waje.

Tun farkon kaka Sirkka ta daina gane ni, ta yanke cewa ni ma'aikaci ne da aka turo ya duba bututun ɗumama ɗaki. Da farko na riƙa gyara mata, hakan kuwa yana tsorata ta. Yanzu idan na shiga nakan durƙusa in dafa bututun, in ce yana aiki, sannan in nemi izinin zama in huta. Takan yarda. Tana da kirki ga ma'aikata, kamar yadda kika san ta. Ban faɗa miki ba ne domin ban samu kalmomin da za su yi daidai ba. Waɗannan ma ba su yi ba.

Saboda haka ban isar da saƙonki na ƙarshe ba. Game da tambayarki kuwa, ba ta ambaci sunanki ba. Wani lokaci idan duhu ya fara takan ce yarinyar ba ta dawo daga makaranta ba. Ina zaton ke take nufi.

Ki huta lafiya.
Veikko

Tampere, farkon Disamba

Veikko,

Ina gaisuwa. Ga riga nan. Sai da na sallami kowa, na kulle shago, sannan na iya sa mata almakashi. Awon da ka aiko na yarinya ne. Na rage da yawa. Wuyan na bar shi yadda na yi shi karon ƙarshe, ita ta zaɓa.

Ulu ne, ka ji? Ruwan sanyi, da hannu, a shimfiɗe ta bushe. Ana gama biki ka ɗauke ta ka kai gida, kada ta shiga injin wankin gidan tsofaffin.

Na so in ce shago ne zai hana ni zuwa. Ba shago ba ne. In ta dube ni ta ce wace ce wannan, ban san da wace ƙafa zan koma tasha ba. Kai ka iya durƙusawa gaban bututu, ni ban iya ba.

Ka aske gemu kafin ka je, ko ma'aikaci yana yin aski.
Aune

Joensuu, ƙarshen Disamba

Zuwa ga Aune,

Bayan gaisuwa, ina miki barka da Kirsimeti, ko da yake ta wuce. Na jinkirta rubutu ne domin ina jiran wata magana ta warware da kanta. Ba ta warware ba.

Rigar ta zauna mata. Outi ta ce ba ta taɓa sa wa wani kaya cikin sauƙi haka ba. Sauran matan suna cikin jajayensu, ƙyalƙyali ya zuba a tebur har cikin kunun shinkafa. Sirkka ta zauna a miƙe a kujerarta mai taya, ta shafa rigar a kan gwiwoyinta, yadda takan yi a mota kafin mu shiga gidan mutane. Matar da ke kusa da ita ta taɓa hannun rigar. Na ji Sirkka ta ce mata, "Ƙanwata ce ta ɗinka. Baki gare ta, amma ta iya aiki." Na rubuta miki kalmomin yadda ta faɗe su.

Ni kuwa da ta hango ni tsaye jikin bango, sai ta ce, "Yau ma aiki? Zauna mana ka sha kunu, bututun ba zai gudu ba." Na zauna kusa da ita har aka tashi.

Ga maganar. Ta ƙi yarda a raba ta da rigar. Kowace safiya ita take nema, idan an kawo wata sai ta juya fuska bango. Na ɗauke rigar na wanke a gida yadda kika ce, amma ulu ba ya bushewa da wuri a wannan sanyi. Kafin in mayar, Sirkka ba ta tashi daga gado ba, abinci ma kaɗan ta taɓa.

Shugabar gidan ta ba ni zaɓi biyu. Ko in ɗauke rigar gaba ɗaya, Sirkka ta yi kwanaki tana nema sannan ta manta, kamar yadda ta manta sauran abubuwa. Ko a rubuta sunanta a ciki, ta shiga wankin gidan tare da kayan kowa, da ruwan zafi, a busar a inji kafin safiya. Ba sai na faɗa miki abin da hakan zai yi wa ulu ba.

Na so a ce wannan riga ta rage mini bayan komai. Ba na jin daɗin rubuta wannan jimla, amma gaskiya ce. Aikin hannunki ne na shekaru masu yawa, saboda haka kina da magana a ciki. Me kika gani?

Ki huta lafiya.
Veikko

Joensuu, Janairu

Zuwa ga Aune,

Ina gaishe ki da sabuwar shekara. Amsarki ba ta zo ba, ban kuma ga laifinki ba.

Na karɓi alƙalamin masu wanki na rubuta sunanta a cikin wuyan da hannuna. An wanke ta sau biyu. Shuɗin ya fara dusashewa, ta kuma tsuke, amma har yanzu tana shigarta. Outi tana ganin za ta kai bazara. Ban tambaye ta wacce take nufi ba, rigar ko Sirkka.

Ki huta lafiya.
Veikko