Su "Injiniya", Ita "Mama"

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kwana shida kawai ya rage mini.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare. Magana tana yi mini wuya, shi ya sa na rubuto. Malamarmu ta ce kowa ya bi mahaifinsa ko mahaifiyarsa wurin aiki na yini ɗaya, ya rubuta abin da ya gani. Na bi Ummata. Ita ce shugabar injiniyoyi a wani kamfanin gina gadoji, shekararta ashirin da biyu a can.

Aka ba ni kujera a bayan ɗakin taro. Maza bakwai, ita kaɗai ce mace. Kowannensu "Injiniya" ake ce masa, har wanda bai cika shekara da fara aiki ba. Ita kuwa "Mama". Filas ɗin shayi ma a gabanta aka ajiye, ita ta zuba wa kowa. Ta ce kada a zuba kankare sai an sake gwada ƙasar wurin. Manaja yana ta danna wayarsa. Can mataimakinta ya maimaita maganar, ko kalma ɗaya bai canza ba, sai manaja ya yaba wa Injiniya da hangen nesa. Umma ta yi murmushi, ta rufe bironta. A mota ba ta kunna rediyo ba, ita da ba ta tuƙi sai da shi.

Ba wanda ya zage ta, Gwaggo, ba wanda ya ɗaga mata murya. Abin da ke rikita ni ke nan. Na dai rubuta komai yadda na gani. Yanzu an zaɓe ni in karanta rubutun a gaban jama'a ranar ba da kyaututtuka, nan da kwana shida, kuma manajan zai zo, 'yarsa ajinmu ɗaya. Umma ba ta karanta ba, murna kawai take yi, har ta ba da ɗinki. Ga shi ana duba sunanta don ƙarin girma. In na karanta, ina tsoron in ɓata mata. In na ce ba ni da lafiya, na yi ƙarya, kuma kamar ni ma na tura mata filas ɗin ne. Abinci ma ya daina shiga.

Mai Kujerar Baya

'Yata,

Idonki bai yaudare ki ba. Mai yiwuwa masu ce mata Mama girmamawa suke nufi, za su ma yi mamaki in aka ce sun rage ta. Amma a ɗakin taro, Mama ake miƙa wa filas, Injiniya ake saurara.

Sai dai labarin nan nata ne kafin ya zama naki. Ita za ta koma ofis washegari, ba ke ba. Kada kuma ki ɗauka murmushin nan rashin sani ne. Mai shekara ashirin da biyu a wuri ta san abin da take haɗiyewa, da dalilinta.

Ki ba ta rubutun nan a yau. In kunya ta hana ki, ki ajiye mata kusa da tabarau ɗinta. In ta ce ki karanta, ki karanta a tsanake. In ta ce ki cire maganar taron, ki cire, ki sanar da malamarki, ba ki ci amanar gaskiya ba. Ciwon ƙarya dai ban yarda ba.

Duk wanda ta zaɓa, abu ɗaya yana hannunki. Idan kin tsaya a gaban jama'a, manaja yana zaune, ki fara da cewa ke 'yar Injiniya ce.

Allah ya ba ki sa'a, ya ɗaukaka ta. Ki kuma ci abinci.

Gwaggo