Mutum Bakwai a Bayan Gawarka, Habibu

Zuwa ga aminina Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ake yi wa mazauna kabari, ina roƙon Allah ya yalwata maka makwanci. Yau kwananka arba'in, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Ka san ba na iya haɗiye magana, don haka zan faɗa maka, masu leƙen wasiƙar nan su ma su ji.

Shekara shida muka yi muna haya a unguwar Hashimi, muna bin motar ma'aikata zuwa Abuja, kai masinja ni akawu. A tsawon nan babu baƙon da ya mutu a unguwarmu ba kai ka wanke shi ba. Birkila daga Sakkwato, direba daga Azare, har wanda ba a san garinsu ba. Kwandonka kullum a rataye bayan ƙofa: almakashi, sabulu, turare, yadin likkafani. Sau nawa aka ja maka layi a ofis saboda haka? Jan biron nan da ake ja ƙarƙashin sunayen waɗanda suka sa hannu kafin ƙarfe takwas, duk wanda ya faɗa ƙasansa ya makara. Kai sai dai ka yi dariya ka ce, "Gawa ba ta jiran Asabar."

Ranar Talata ka cika, da asuba, bayan zazzaɓin kwana uku. Shekararka arba'in da huɗu. Ni na riga na bi motar farko, a tasha ma na yi salla. Matarka Hajara ta aika masallaci, aka sanar tun jama'a ba su watse ba. Suka yi salati, Habibu, suka duba agogo, suka ruga tasha.

Huɗu daga cikinsu ofishinmu ɗaya. Suka sa hannu a saman layi, suka gaishe ni har da tambayar iyali. Ɗaya ma tare muka ci shinkafa da wake da rana. Sai bayan la'asar, ana shirin tashi, ya ce wai ashe ban ji ka rasu ba. Sun san da sun faɗa da safe zan tashi in tafi, tafiyata kuma ta tona musu asiri cewa sun ji rasuwarka ba su tsaya ba.

Ina kuka muka wuce dutsen Zuma a hanyar komawa gida. Na iso na tarar an rufe ka tun kafin azahar. Mutum bakwai ne a bayanka: liman, mai gidan hayarku, da manoma biyar daga ƙauyen Chaza da suka kawo doya kasuwa, suka ga makara a ƙofa babu masu ɗauka, suka sauke kayansu. Babbansu ne ya wanke ka da abin da ke cikin kwandonka. Ko sunanka bai sani ba.

Ranar Asabar kuwa sai ga mutanenka, manyan riguna na ƙamshi, an cika tabarmi, ana doguwar addu'a ana cewa an yi rashin mutum. Ihu bayan hari. Hajara ta tambaye ni su wa suka ɗauke ka, na ce mutanen kirki ne, ban ƙara ba.

Amma kada in yi maka ƙarya. Ƙofarka a kan hanyata take. Ran Talatar nan na wuce ta da sauri ban ƙwanƙwasa ba, alhali na san kana kwance. Ni ma layin nake tsoro. Ka yafe mini, ɗan'uwana, wannan ya fi komai ci mini rai.

Da Hajara za ta koma Katsina, ni ta miƙa wa kwandon. Makon jiya wani maigadi ya rasu a bayan layinmu, ba shi da kowa. Na wanke shi yadda na ga kana yi. Na isa ofis da azahar, na rubuta sunana a ƙasan jan layi, inda naka ya saba zama. Mutum huɗun nan suka sunkuyar da kai. Na ce musu su kwantar da hankalinsu, duk wanda ya riga ni a cikinsu zan zo in wanke shi, ko da Talata ce.

Allah ya wanke ka daga zunubi kamar yadda ka wanke bayinsa, ya haskaka kabarinka, ya raya abin da ka bari. Allah ya saka wa mutanen Chaza da alheri.

Naka har mu haɗu,
Lawal