Keken Baba Ramish a Matakalar Banaras

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga ɗana Yasir, daga mahaifiyarka a Sa'alaba, Jidda. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da mara lafiyan da ke hannunka.

Na sa wannan a nan shafin zumunta na intanet inda kowa zai gani ne don wayarka ba ta shiga tun Talata. Yayarka Hanan ta ce ko wayar wani ka ara, nan za ka fara leƙawa. To mutane su karanta, ban damu ba. Kai dai ka gani kafin gobe da yamma.

Ka san ban hana ka tafiyar nan ba. Baba Ramish shi ya ɗauke ka a shagonsa na Safa ba ka iya komai ba, ya koya maka gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, har ka zama mutum. Addininmu ba ɗaya ba, amma in an kira salla shi ke ce maka yalla, ajiye, tafi masallaci. Da likitoci suka ce halas, ba sauran magani, ciwon ya ci jikinsa, ya ce a kai shi garinsu Banaras can Indiya ya mutu. Ba ɗa, ba ƙane, ƙafa ta daina ɗaukarsa. Ka ce kai za ka tura shi a keken marasa lafiya. Na sa maka albarka, kuma ban janye ba.

Ka tuna ranar da ya zo yi mana sallama? Na yi masa tuwo da miyar kuɓewa ba nama, tunda ba ya ci. Ya yi loma biyu ya ajiye, ya kama ba mu labarin garin da Larabcinsa guntu-guntu. Wai garin ya tsufa har ba wanda ya san wa ya kafa shi. Wasu sarakuna su zo su rushe ɗakunan bautarsu, wasu su zo su sake ginawa, har aka rufe kan babban da zinariya. Ya ce tsofaffi daga ko'ina suke zuwa, su kama ɗaki su zauna jiran mutuwa, don a wajensu wanda ya cika a can ya huta ke nan.

Ni sai kakata Inna Hajo ta faɗo min a rai, wadda ta taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, ta ratsa Sudan, ba abin da take roƙo sai a binne ta a Makka. Ban faɗa masa ba, amma na gane abin da yake nufi.

Hotunan da ka turo farkon zuwanku ina ta kallonsu har idona na ciwo. Lungu kamar zare, saniya ɗaya ta tsaya ta tare hanya. Ɗakin bauta a kowace kusurwa, ƙararrawa ba ta shiru. Ka nuna min unguwar masaƙa Musulmi inda kake salla, na ce alhamdulillahi. Sai wancan da ka tsaya a saman matakala, dogaye, suna gangarawa har cikin kogi, ga hayaƙi a bayanka. Na tambaya ka ce wutar ƙona gawa ce, ba ta mutuwa dare da rana. Kana murmushi a hoton. Ni wallahi na kasa cin abinci ranar.

Saƙon muryarka na ƙarshe shi ya hana ni sukuni. A lissafin da ka ba ni gobe ne bikin fitilu, daren da wata zai cika, za a kunna fitila a kowane taki na matakalar, mutanen ƙasa duka za su taru. Wai Baba Ramish na so ka sauke shi har takin ƙarshe ya taɓa ruwan da hannunsa. Har kana dariya: "Ummi kar ki ji tsoro, ni da na tura keke a Harami goman ƙarshe na azumi."

Yasir, nan ne kuskurenka. Kana ganin duk cunkoson masu ziyara iri ɗaya ne. Harami fili ne a shimfiɗe. Kowa gefe ɗaya yake juyawa. In wuri ya cika askarawa su rufe ƙofa. In ka ce hanya ya hajji, an ji ka. Can fa? Gangara ce. Taki jiƙe da laka da man fitila, wuta ta dama da hagu, yaren ba ka ji. Na sama suna son sauka, na ƙasa ba inda za su sai ruwa. Kai kuma ko a bakin tekun Abhur ba ka taɓa barin ruwa ya wuce maka gwiwa ba.

Ban taɓa ba ka wannan labarin ba. Ina budurwa, wata shekara muna sayar da shayi a Mina ni da innata, jama'a ta matse. Ba wanda ya yi mugunta, kowa ibada ya zo. Kawai sai na ji ƙafata ba ta taɓa ƙasa, ana tafiya da ni. Kuma ba ihu fa, ya waladi, shiru ake yi, don ba numfashin yin ihun. Da aka lafa, takalma ne tuli a hanya. Na ga keke ya lanƙwashe kamar gwangwani, da wani saurayi kwance, hannunsa na kan mariƙin bai saki ba. Tsaranka ne.

Yanzu ka buɗe kunne. Ka tsayar da Baba Ramish a sama, jikin bango, ya ga fitilunsa daga nan. Ruwan a ɗebo masa a kwano. In ya yi kuka ka ba shi haƙuri, ka ce uwarka ce ta hana.

In kuma kun riga kun sauka, to ga magana mai nauyi. Marigayi babanka da ya koya maka turin keke ya ce wanda ke kan keken amana ne, ba a saki ko me ake ciki. Ni ma na sha nanata maka. Yau na warware. Da ka ji ƙirjinka ya matse, ƙafarka ta fara barin ƙasa, ka saki keken, ka bi gefe. Shi mutuwa ta kai shi garin, ya shirya mata, yana ma murna. Kai rakiya ka je. Na ci gishiri da mutumin nan, akwai mutunci tsakaninmu, amma na faɗa. In da alhaki a ciki a wuyana yake, ga jama'a nan shaida, ba wanda zai ce ka ci amana.

Na san halinka, shi ya sa nake tsoro. Don haka ba shawara nake ba ka ba, umarni ne, da haƙƙin nonon da ka sha.

Allah ya tsare min gabanka da bayanka, da samanka da ƙarƙashin ƙafarka. Allah ya sauƙaƙa wa tsohon nan. Allah ya sa wannan ya iso idonka kafin a kunna fitilar farko. Amin.

In ka gani, ko ɗigo ɗaya ka sa a ƙasa, zan gane.

Taka, Ummi, tana zaune waya a cinya.