Muryata a wayar Ajuma ranar arba'in

Tibiri, ran Litinin

Zuwa ga ɗana Kamaluddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'a, ina hwata wagga takarda ta iske ka lahiya, kai da Kausar da 'yar ƙawata jikata Ummu. Allah shi ƙara muku lahiya, shi tsare ku cikin baƙunta, shi sa albarka ga nemanka. Mu nan alhamdu lillahi. Babanku ƙahwar ta yi sauƙi, shina zuwa masallaci da kanshi, sai dai ya ƙi barin zuwa gona, mun yi magana har mun gaji. An yanke hatsi, bana ba laihi, gyaɗa ce ba ta yi kamar bara ba. Yayarka Zubaida da yaranta duk lahiya. Ni kuma sai kahwaɗun nan, da sahe sai na daɗe kahin hannu shi ɗaga, amma da sauƙi.

Kamalu, tun ran Alhamis nike kiran ka waya ba ta shiga. Kausar tac ce kun bar Kotonu kun tahi Lome da kaya, can kuma lambarka ba ta aiki, amma kana duba imel. Shi ya sa naz zauna da wayar Zubaida ina danna haruhwa ɗai ɗai da yatsa guda. In ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, ka san lakwal ɗina, makarantar boko, aji huɗu ta tsaya. Ba ni son in ba kowa shi rubuta mini, maganar tawa ce da kai.

Maganar abin nan ce da kaɗ ɗaura mini da kaz zo salla. Ka tuna ka zauna bisa tabarma da odinatar ɗinka, kwamhyutar nan, kana tambaya ta sunan duk mai sayen mai da ƙuli-ƙuli wurina, da lambarshi, da imel in shina da ita. Kac ce sana'ar zamani sai da listin kiliya, wato masu saye, na'ura ta riƙa tuna mini da su tana gaishe su da sunana. Mai imel a aika mishi rubutu da hoto, wanda bai iya karatu a aika mishi murya ta wasap. Kat tambaye ni kwana nawa bidon guda, jarkar man nan, ke yi ma mai tuya, nac ce wata ɗaya da 'yan kwanaki, kac ce to bari a sa arba'in, duk wadda tay yi kwana arba'in ba ta saya ba sai saƙo shi tahi mata da kanshi. Kas sa ni nay yi magana cikin waya har sau biyar, kana cewa Inna ki saki jiki, ki yi dariya kamar kina hira da ƙawarki. Na yi. Ni ban ma sake tunawa da abin da nac ce ba.

Ba zan ci haƙƙinka ba, abin ya yi amhwani. Mutanen Yamai da ban taɓa ganin huskarsu ba suna aiko ma Zubaida da imel suna son lita goma, lita ishirin, muna ba direba shi kai musu tasha. Wata mata mai gidan abinci a Doso ma ta zama tamu. Amma ɗana na gaji. Da buhu biyu nike soyawa a sati, yanzu huɗu, ga murzawa, ga kai niƙa, ga matsar tunkuza, kuma hannun dai shi ne na da. Sannan duk wadda na'urarka tag gaisar sai ta maido da murya mai tsawo, ta gaishe ni, ta gaida babanku, ta ba ni labarin ciwon bayanta, tana zaton ni ce naz zauna nat tuna da ita. Sai in wanke hannu in amsa, don ba ni iya barin mutum ya yi mini sallama in yi shiru. Ita na'urar ba ta gajiya, ni ce mai biyan gaisuwar da taɗ ɗauko. Duk wannan na shanye ban hwaɗa maka ba, don na ga kana murna.

To ka san Hajiya Ajuma ta Gesheme, matar Malam Giɗaɗo, mai tuyar masa a bakin kasuwa. Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa zuba man wani a tandarta ba sai nawa. Ita tar riƙe ni lokacin da nah haihe ka, kwana uku tana gidanga tana dahwa mini ruwa. Na hwaɗa maka ta rasu, ka yi mini gaisuwa ta waya, Allah shi saka. Abin da ban hwaɗa maka ba, ranar da tar rasu da sahenta taz zo nan da kanta taɗ ɗauki bidon. Munka sha hura tare, tana yi mini tsiya wai na zama ta Yamai na daina kula talakawa. Zubaida tas sa cikin waya kamar yadda kak koya mata, Ajuma ta sayi bidon ɗaya yau. Ta koma gida, kahin la'asar jini yah hau, shi ke nan. Mu muna ta kuka, ita kuwa na'urarka tun ranar tah hwara ƙidayarta, ba wanda yat tuna da ita.

Na san ku ba ku yin sadakar arba'in, kai da malamanku, kuma ban zo jayayya da kai ba. Amma ka girma a garinga, ka san mi arba'in ke nuhi wurin mutanenmu. Ni ma da kah hurta lambar ban kawo komai a raina ba, laihin namu ne mu biyu. Ran Alhamis munka tahi Gesheme ni da Zubaida, na kai mai don tuyar sadaka. Gida cike, mata har bakin zaure, maza a waje da malamai. An gama addu'a ke nan ana raba masa, ina zaune kusa da Hidaya, babbar ɗiyarta, wadda ke koyarwa a lakwal. Wayar marigayiya tana hannunta, ba ta kashe ta ba saboda mutanen nesa har yanzu nan suke kira su yi gaisuwa. Sai wayar tay yi ƙara. Hidaya tad duba tag ga sunana, tad dube ni tana ɗan murmushi, ta zaci wata addu'a ce nat turo tun da sahe rezo, layin waya, yar riƙe. Sai tad danna, tab buɗe murya don mata su ji su ce amin.

Kamalu, muryata ce, ina dariya. Ina cewa, "Ƙawata ina kinka shiga? Kwana arba'in shiru, ko kin samu wata mai mai kin yada ni? Ki hito mu gan ki, sabon mai ya sauka, zan rage miki." Har da dariyar nan ta ƙarshe da kac ce ta yi kyau a bar ta.

Wata tana riƙe da masa a hannu ta kasa kaiwa baki. Hidaya tana neman wurin kashewa, sai tas sake dannawa, abin yas sake hwarawa daga hwarko. Ni kuwa ga ni zaune a tsakiyarsu da mayahina, bakina ruhe, ga muryata tana ta wasa da gawa. Zubaida tay yi ta maza tat tashi tana bayani, wai ba Inna ba ce, na'ura ce, ƙanenta yas saita ta daga Kotonu, ita ke aikawa da kanta. Amina, yayar marigayiya, tsohuwar nan da ba ta gani sosai, tab bar ta tag gama tsab, sannan tac ce, "Ita na'urar tare sunka yi ƙawance da Ajuma? Ni muryar Adama naj ji." Ba a zage ni ba, ba a kore ni ba, da an yi ma da ya hi mini sauƙi. Sai dai da munka tashi tahiya ba wadda tar raka mu ko bakin ƙohwa, gidan da in na je sai an kai ni har tasha. Malam Giɗaɗo shina waje, labari ya riga ya kai mishi, nad durƙusa nag gaishe shi, yac ce Allah shi ba da lada, kanshi na ƙasa.

A mota Zubaida ke gaya mini wai har imel ɗin ya tahi ga adireshin da Hidaya tab buɗe ma uwarta, da hotona ina riƙe da kwalbar mai ina washe haƙora. Sannan tac ce ta tuna ka ce saƙon uku ne a jere, in mutum bai amsa ba bayan kwana bakwai na biyu shi tahi, bayan wasu bakwai na uku. Tun daga nan abinci bai yi mini daɗi ba. Mun duba wayarta sama da ƙasa, ita wurin sa wanda yas saya kawai gare ta, wurin tsaidawa sai da kod, lambar sirri, kod ɗin kuma shina wurinka.

Ran Asabar nak koma Gesheme ni ɗai, ban ɗauki mai ba ban ɗauki komai ba. Na iske Hidaya tana wanke tandar uwarta. Naz zauna nah hwaɗa mata gaskiya tun daga tabarmar da munka zauna ni da kai, ban ɗora maka kai ɗai ba, nac ce bakina ne, ni nay yi maganar. Nah hwaɗa mata kuma akwai wani saƙon tahe ran Alhamis, ban iya tsaida shi ba. Tac ci gaba da wanke tandar. Daga baya tac ce ta san ba da gangan ba ne, ita ma'aikaciya ce ta san irin waɗanga abubuwa, amma sani daban, abin da kunnenta yaj ji daban. Tac ce tun ranar in wayar ta yi ƙara sai gabanta shi hwaɗi, ta kasa taɓa ta, alhali cikinta muryar uwarta take, duk saƙonnin da ta riƙa aika mata suna ciki. Sai tas shiga ɗaki taɗ ɗauko wayar tas sa mini a hannu. Tac ce, "Inna ki tahi da ita. Ran Juma'a in an sauko masallaci zan zo Tibiri in amsa. In ta sake magana kahin nan, ki riƙe ta, ba ni so."

Ka ji inda muke. Yarinyar da nag goya ce, kuma in ba ta zo ta amshi wayar ga ba na san ƙahwarta ba ta sake taka gidanga, ni ma ban da huskar shiga nasu. Zubaida tac ce mu kashe wayar, ko in saƙon ya shigo mu goge mu yi shiru, wa zai sani. Nac ce a'a. Amana anka ba ni, ba ni tone-tone cikin wayar mamaciya, kuma in Hidaya ta dube ni ta tambaya ba ni iya yi mata ƙarya. Bayan haka ba Ajuma ɗai ba ce. Da naz zauna nay yi tunani, cikin listinka akwai matar Abdul'aziz mai shayi da tar rasu wajen haihuwa, akwai tsohuwar Kiyeshe mai ƙosai da anka binne da damina. Wataƙila su ma muryata ta riga ta je gidajensu ta yi dariya, mutanen sun ji kunya ta sun yi shiru.

Don haka ga abin da nike so, kuma ba shawara nike nema ba. Duk inda kake, ka nemi rezo ka tsaida na Ajuma kahin Alhamis. Muryar nan tawa ka goge ta kwata kwata, kar ta sake zuwa wurin kowa. Mutanen Yamai da Doso da ban san gidajensu ba ka bar musu imel ɗinsu, a gaya musu mai ya sauka, ga kuɗinshi, ba ƙawata ba kewa, tunda ba mu san juna ba. Amma duk wanda na san ƙohwar gidanshi, Tibiri ne ko Gesheme ko Dutsi, ka hid da shi daga ciki. Waɗannan in sun yi kwana arba'in ban gan su ba, zan sa takalmi in tahi in ga ko lahiya. In ciniki ya ragu shi ragu, dama ya hi ƙarhina. Kar ka ji haushi ɗana, na san don in huta kay yi, Allah shi yi maka albarka.

Ka gaida Kausar ƙwarai, ka ce na gode da tad daure da kirana. Ka shahwa mini kan Ummu. Ka gaida maigidanka Alhaji Ɗayyabu da abokinka Luƙman. Babanku shina gaishe ka, ban gaya mishi duka ba. Zubaida da mijinta Abdulmajid suna gaishe ku.

Wayar tana nan cikin kwanon da nike aje 'yan kunnena, kullum ina sa mata sharji. Jiya wata tak kira daga Agadas za ta yi ma Hidaya gaisuwa, ni naɗ ɗauka, nak karɓi gaisuwar a madadinsu. In ka tsaida abin kar ka rubuto, ka kira ni in ji daga bakinka, don in san abin da zan ce ma yarinyar ran Juma'a.

Allah shi sada mu da alheri.

Innarka,
Adama