Inda na binne cibiyar Ummi

Garin Laurel, daren Asabar

Hadiza 'yata, don Allah ajiye wayar nan ki saurare ni. Ɗauko biro yanzu, kar in kwana da maganar nan ni kaɗai.

Rubuta. Ranar da cibiyar Ummi ta faɗi, uwarta, 'yata Rabi, Allah ya ji ƙanta, ta ƙulle ta a ƙyalle ta ce, "Inna, a bene muke, ba mu da ƙasa. Ki nemo mata wuri." Da aka kai mu bakin teku shan iska, na tona yashi a gindin wata bishiya na binne. Taku arba'in ne zuwa ruwa, na ƙirga.

Yau muka koma, bayan shekara goma sha biyu. Ba bishiya, ba yashi, sai ruwa. Wani mai kamun kifi ya gaya wa mijinki wai ba guguwa ba ce, igiyar ruwa ce ke lasar gaɓar kullum, tana kwashe yashin kaɗan-kaɗan.

Ni na zaɓi wurin. Amana ɗaya Rabi ta bar mini, na miƙa wa ruwa. In yarinyar nan ta tambaye ni ina cibiyarta take, me zan nuna mata?

Kar ki gaya wa ubanta tukuna. Da safe ki kira mini Ummi, ita za ta fara ji.