Tukunyar Uwar Luz

Belleville, Faransa, 3 ga Maris, 2008

Zuwa ga ƙanwata Hassia,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Maazou, ya nauyin jiki? Allah Ya sauke ki lafiya.

Kin tambayi wanda zai dafa abincin suna, tunda ni bayana ba ya ɗaukar girkin mutum ɗari. Akwai maƙwabciyata Luz, 'yar Filifin, wadda ƙofarta ke kallon tawa. Shekara goma sha ɗaya tana goge-goge da rainon 'ya'yan Turawa, nata biyu suna can ƙasarsu wajen 'yar'uwarta. A watan jiya ta aje aikin, ta yi takardun sana'ar abinci. Tana yin wata kaza da ruwan tsami da tafarnuwa da baƙin maggi, adobo suke ce mata. Kirista ce, amma wajen mahaucin da nake saye take sayen kaji, na sha rakiyarta. Na ci abincinta ba sau ɗaya ba, kuma na shaida halal ne.

Har yanzu ba ta samu babban aiki ba. Ta ce in rani ya wuce a haka, za ta koma riƙe tsintsiya. Ki taimake ta, Allah Ya taimake ki.

Yayarki, Halimatou

Rillieux-la-Pape, gefen Lyon, 11 ga Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai ƙafafuna sun zama kamar turmi. Maazou ya ce bikin suna da abincin Filifin, sai a gidanmu! Na ce masa ya kawo uwarsa daga Tahoua ta tuƙa tuwo.

Mun kama sal ɗin kartiye, wato ɗakin taron unguwarmu. Malam Abdourahamane, wanda zai raɗa suna, ya tambayi wa ya tabbatar da naman. Da na ce ke ce, ya ce shi ke nan, matar da ke karanta bayan kwalin biskit da tabarau ba a bincike bayanta. Matan ƙungiyarmu uku suna da biki bana, suna jira su ɗanɗana. Ki ce wa Luz ɗinki ta ɗaura ɗamara.

Taki, Hassia

Belleville, 2 ga Afrilu

Hassia,

Bayan gaisuwa. Na daɗe riƙe da alƙalami kafin na fara.

Jiya na shiga taya Luz ɓare tafarnuwa. Manyan tukwanenta na ƙarfe ne, amma romon a wata baƙar tukunyar ƙasa take haɗa shi, sannan ta raba ludayi-ludayi a sauran. Ta ce nan daɗin yake. Na yaba tukunyar, sai ta ba ni labarinta. Ta uwarta ce, a kan cinya ta riƙo ta cikin jirgi. Tana dariya ta ce shekara talatin marigayiyar na dafa alade a ciki duk Lahadi, shi ya sa ta yi ɗanɗano. Ita dai tun zuwanta Faransa ba ta sa ba.

Kin tuna abin da malaminmu ya karantar da mu a zauren Birni. Ƙarfe ana wanke shi ya tsarkaka, amma tukunyar ƙasa in ta sha najasa har cikin jikinta, ruwa ba ya fitar da ita. Abin da na ci a baya cikin rashin sani ne, ina neman gafara. Yanzu kuwa na sani, ga shi na riga na ba da shaida.

Na gama ɓare tafarnuwar na fito.

Halimatou

Rillieux, 6 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa. Don Allah ki bar wannan magana. Shekara goma sha ɗaya tukunya tana kan wuta, wane alade ya rage? Wa zai sani? Ni likita ya ce ko yaushe daga ƙarshen wata, ba ni da inda zan nemo wata mai abinci. In kuma kin gaya wa Malam, kin san Lyon, kafin la'asar labari ya zama 'yar Filifin na ciyar da Musulmi alade. Ke kika ce a taimake ta, ke kuma za ki kashe mata kasuwa tun ba ta buɗe ba.

Tsantseninki wani lokaci yana gajiyar da mutum, wallahi. Ki yi haƙuri da maganata, cikin ne.

Hassia

Belleville, 17 ga Afrilu

Ƙanwata,

Na ga takardarki, ban ji haushi ba. Wataƙila wani malamin zai sauƙaƙa, amma ni abin da na karanta ke nan, kuma da bakina mutane za su ci. Ban je wa Malam ba. Wajen mai tukunya na je.

Na yi mata bayani a hankali, na ce laifin ba nata ba ne. Ta aje wuƙa ta dube ni, ta ce, "Ate, kina nufin uwata ƙazama ce?" Ate a bakinsu Yaya ke nan. Na rantse mata ba haka ba. Ta ce ta bar 'ya'yanta, ta bar kabarin uwarta, abu ɗaya da ta taho da shi kuma na ce ta aje. Ta buɗe mini ƙofa. Kwana bakwai muna haɗuwa a matakala, sannu kawai.

Shekaranjiya ta ƙwanƙwasa, riƙe da kwano. Ta gwada a ƙarfe zalla sau huɗu, wai in ɗanɗana in faɗi gaskiya. Na faɗa: da daɗi, amma ba shi ba ne. Ta ce ta sani. Ta ce ba za ta ciyar da mutane abin da za su yi baƙin ciki in sun ji ba, gara ta fasa aikin.

Sai idona ya kai saman kabad, inda tukunyar ƙasa ta Inna take, ginin Mirriya, wadda ta yi mana miyar kuka a ciki tun muna yara. Ban sauke ta ba, don ba tawa ba ce ni kaɗai. Gado ce, rabi naki. Kuma in ta shiga hannun sana'a tana iya fashewa. Ba zan ba da ita ba sai da yardarki. In kin ƙi, ba komai, zan zo da kujera in zauna in tuƙa abin da na iya.

Yayarki

Rillieux, 21 ga Afrilu

Yaya,

Na karanta na yi kuka, Maazou ya zaci naƙuda ce har ya ɗauko makullin mota. Na so a ce 'yata ta gaji tukunyar nan. Amma Inna ba ta taɓa barin tukunya a saman kabad ba alhali maƙwabci na bukata. Ki ba ta. Sharaɗina ɗaya, ta riƙo ta a cinya cikin jirgin ƙasa, kada ta sa ta cikin kaya.

Hassia

Belleville, 9 ga Satumba, 2014

Hassia,

Assalamu alaikum. Ina 'yarki Raihana, an shiga lakwal, an fara karatu lafiya?

Ranar Asabar Luz ta buɗe gidan abincinta na biyu. Ma'aikata bakwai gare ta yanzu, har da babbar 'yarta da ta iso bara. Tukunyar uwarta na bakin taga, ta shuka barkono a ciki. Ta Inna ta tsage a wuya, an ɗaure da waya, amma kullum tana kan wuta.

Ta ce in gaya miki ta rubuta a takarda, ta sa hannu gaban 'yarta: ranar da Raihana ta yi ɗaki, tukunya ta koma Lyon. Na ce ai kyauta muka ba ta. Ta ce ita aro ta karɓa, kuma a cinya za ta kawo.

Ki gaida Maazou. Allah Ya jiƙan iyayenmu.

Yayarki, Halimatou