Takardar Lafiyar Salman

Malikanchi, 4 ga Yuni

Zuwa ga ƙanwata Hassana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya aikin asibiti, ya damina?

Bayan gaisuwa, na ba direba wannan takarda ne tunda kin daina ɗaga wayata. Ɗanki Salman ya samu aikin gadi a Rasha. Ɗayyabu, surukin limaminmu, shi ya yi masa hanya. Takardar lafiya kawai ta rage. Ki buga mata hatimi ki dawo da ita, ba sai ya zo ba, kin san garau yake.

Kada ki fara mini zancen yaƙi. Ɗayyabu ya ce kafin a cire masara an gama. Waɗancan 'yan Yukren da kika yi karatu a ƙasarsu, taurin kai ne kawai ke damunsu. In wanda ya fi ka ƙarfi ya ce ka matsa, ai sai ka matsa ka tsira da ranka. Shekara nawa suna binne 'ya'yansu a kan ƙasar da ba za su iya riƙewa ba? Ni ban ga wayo a nan ba.

Yayanki, Tukur

Makarfi, 6 ga Yuni

Yaya Tukur,

Amin, wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, da mutanen gida duka.

Ashe Ɗayyabu ya zama masanin yaƙi. Ni dai da dillancin rake na san shi.

Yaya, shekara biyar na yi a Kharkiv. Ranar da yaƙi ya ɓarke muke gudu zuwa tashar jirgin ƙasa, na roƙi tsohuwar da nake haya a gidanta ta biyo mu. Ta ce mijinta yana kwance a maƙabartar unguwar, dankalinta yana bayan gida, kuma in ta matsa yau, gobe ma za a zo a ce ta ƙara matsawa. Na bar ta tana cika wa samarin layinsu buhuna da yashi.

Wai kai ne mai cewa a matsa? Kai da ka yi shekara tara kana jan maƙwabcinka daga gaban dagaci zuwa gaban alƙali saboda kunya biyu da ya ci maka a iyakar gona? Sau uku yana tumɓuke bini-da-zugun da ka dasa, sau uku kana mayarwa. Naka kishin gado ne, nasu kuma taurin kai. Wallahi ka ba ni haushi.

Yaƙin nan ba zai ƙare da masara ba. Ja zai yi ta yi, kowa ya shige rami, a yi wata shida a kan ƙauye ɗaya. Mutane yake ci, shi ya sa neman "masu gadi" ya iso har Malikanchi.

Ba zan buga hatimin ba. Ka aiko mini da takardar aikin in karanta, na iya yaren.

Ƙanwarka, Hassana

Malikanchi, 20 ga Yuni

Hassana,

Salamu alaikum. Karatu ya yi rana, tunda har kin iya yi wa yayanki gori.

A zauren Liman aka yi maganar nan, gaban dattawa, aka shafa Fatiha. Yanzu in ɗauki takardar surukinsa in kai wa ƙanwata ta bincika? Ai na ƙaryata shi ke nan a idon gari. Da wane ido zan dubi Liman ran Juma'a?

Ki riƙe hatiminki, ba ke kaɗai ce likita ba. Salman ya tashi ran Talata, ya ce a gaida Gwaggo duk da haka.

Tukur

Malikanchi, 9 ga Disamba

Ƙanwata Hassana,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Allah Ya sa kina lafiya.

An cire masara, an yanke dawa. Wata uku ke nan ba mu ji muryar Salman ba. Ɗayyabu ya kulle ƙofarsa, an ce yana Legas. Matar Salman, Bilki, ta sauka, an samu namiji, har an yi suna babu uban.

Jiya wani saƙo ya shigo wayarta da irin rubutun Rasha. Na kai Ikara an fitar mini da shi a takarda. Ga shi nan, haɗe da takardar aikin da kika nema. Ina jin tsoro, Hassana. Ki yi haƙuri da abin da na faɗa, ki karanta mini.

Yayanki, Tukur

Makarfi, 10 ga Disamba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na karanta duka biyun.

Takardar aikin nan ta shiga soja ce. A layi na uku aka rubuta, minti biyu ya ishe ni.

Abin da ke cikin saƙon wayar kuwa ba zan faɗa maka a takarda ba. Ina tafe gobe da safe. Kada ka tafi gona, kada ka ce wa Bilki komai, ka kira Liman ya jira ni a zaure.

Allah Ya ba mu haƙuri.

Hassana